Abin da Ansipekta Zai Ci

Gure, farkon watan Agusta

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Ummul Kulsum, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, gwargwadon abin da ubangida zai iya yi wa baiwarsa ba tare da ya zubar da darajarsa ba, ina fatan kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki, da gwiwar nan taki da ta hana ki zuwa ta'aziyya. Kada ki yi fushi da sunan baiwa. Kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito a Gidigir, ba ni na kafa dokar taubasantaka ba.

An yi addu'ar arba'in ta matata Biba makon jiya. Mutane sun zo daga Bune da Gidigir, sun yi addu'a, sun koma gidajensu. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa. Ni ina nan yadda kika san ni, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin talho. Kunnena ya yi nauyi, in na ɗauki talho sai in ɗaga murya kamar ina yi wa aji dikte, wato shifta, har maƙwabciyata A'i takan amsa mini ta kan katanga. Maganar da ke tafe da ni kuwa ba ta katanga ba ce. Saboda haka na damƙa ta a hannun Ɗan Kasuwa mai kai dabino Yamai, wanda ya bar lakwal, makarantar boko, a hannuna bai iya karanta rubutuna ba. A da na yi baƙin cikin wannan, yau ina godiya.

Kin san karen Biba. Ta tsince shi yana ɗan kwikwiyo a garkarta ta kwari, ya girma yana kore mata awaki daga rogo da tumatir. Da ya tsufa ta kawo shi gida. Na yi adawa a hukumance, aka kayar da ni, sai na kafa sharuɗɗa: ba zai shiga ɗaki ba, ba zai kusanci buta da tabarmar salla ba, ba za a ba shi abincin mutane ba. Na kuma raɗa masa suna Ansipekta, domin kamar mai duba makarantu yake, yana zuwa ba sanarwa, ya shinshina komai, ya tafi bai yabi kowa ba.

To, Ansipekta ya daina cin abinci. Tun ranar da aka fita da Biba yake kwance a bakin madafa, kansa a kan hannuwansa. Yana shan ruwa, yana lasar abin da ya samu kaɗan, shi ke nan. Ban san abin da take ba shi ba. Shekara arba'in ban shiga madafa ba sai neman ashana. Tun rasuwar ba a hura wuta a gidan nan ba, A'i da sauran maƙwabta ke aiko mini da kwano safe da yamma, Allah ya biya su. Kin san ba a ɗaukar tuwon da maƙwabciya ta tuƙa don tausayi a ajiye gaban kare. Na gwada sau ɗaya a ɓoye, ya shinshina ya kau da kai. Na sayo ƙashi wurin mahauta, ya dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya zo aji ba bik ɗin rubutu.

Na taɓa karantawa cewa a manyan birane ana sayar da busasshen abinci wanda masana suka harhaɗa domin karnuka. Ina roƙon ki bincika mini. Ya zama mai sauƙin kuɗi, domin pansiyon tsohon daraktan lakwal ba ya ɗaukar nauyin baki biyu masu girman kai. Kada ya kasance da alade. Ya iya jure zafin Gure. Abu mafi muhimmanci, kada ya iso cikin buhu mai hoton kare, domin a tashar garin nan ba wanda ban koyar ba, ko shi ko ubansa. Har yau Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal.

Ubangidanki,
Burahima Ma'azu

Yamai, ƙarshen Agusta

Bawana Mushe Burahima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan da halinta. Allah ya jiƙan Biba, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri. Takardarka ta kwana biyu a nan kafin in amsa, don mun yi suna a gidan babbar 'yata, hannuna bai zauna ba.

Na yi dariya har na share hawaye, na ce alhamdu lillahi, Mushe ya fara dawowa cikin hayyacinsa tunda har ya iya zama ya tsara mini wasa mai sharuɗɗa. Ni Hajiya guda, da carbina, in shiga butik in ce a auna mini abincin kare? Ka so a ɗauke ni hoto ne a kai Gidigir? Wannan tarkon bai kama ni ba, sai ka sake wani.

In kuwa da gaske karen yana damunka, ka ba wani mai garka a kwari, ko ka aika da shi rugar Bune. Kare ba ya mutuwa da yunwa a inda akwai bola. Ba mutum ba ne, zai manta.

Abin da na tsaya a kansa cikin takardarka shi ne inda ka ce gidan ya yi maka faɗi. Kai kana cin abin da ake aiko maka? Na san ka, in ba a ajiye maka kwano an tsaya a kanka ba sai ka wuni da shayi. Ka faɗa mini gaskiya. Ka gaida A'i, ka ce na gode mata.

Uwargijiyarka,
Ummul Kulsum

Gure, cikin watan Satumba

Hajiya,

Bayan sallama da fatan alheri, ina taya ku murnar ƙaruwa, Allah ya raya. Mu a nan gero ya fitar da kai, zazzaɓi ya yi yawa a unguwa, amma ni bai kula ni ba.

Amsarki ta iso bayan na gaji da zuwa tasha. Na karanta ta sau biyu, na ba ta uku bisa ashirin, ukun ma saboda kyan rubutu. Na yi shekaru ina yi miki wasa kina ɗauka da gaske, ranar da na zo da gaske kika ɗauka wasa. Laifin muryata ne, ba ni da wata.

Ba zan ba da shi ba. Kin san Allah bai ba mu haihuwa ba. Kayan Biba an raba, tufafinta sun tafi ga 'yan'uwanta, garkar tana hannun ɗan ƙanenta. Cikin duk abin da ke numfashi, wanda ta ciyar da hannunta, mu biyu muka rage a gidan nan, ni da Ansipekta. Ban taɓa shafa kansa ba, shi ma bai taɓa nema ba. Amma in na dawo daga masallaci da asuba shi kaɗai ke ɗaga ido ya ga ko wa ya shigo, ya ga ni ne, ya mayar da kai ƙasa. Ba na jin haushinsa. Ni ma in ƙofa ta motsa haka nake yi.

Yanzu ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga zaure. Na kai kukana ga likitan dabbobi, ya zo ya duba, ya ce tsufa ne, haƙoransa sun tafi, a ba shi abin da ya saba. Na ce ai wadda ta san abin da ya saba tana maƙabarta.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da ciwon ya kayar da ita, da safe ne, muka ɗauke ta za a kai Damagaram. Ana sa ta cikin mota ta riƙe hannun rigata. Na sunkuya, na ɗauka za ta yi mini wasiyya, ko ta yafe mini, ko ta ce in yafe mata. Sai ta ce: “Mushe, tukunyar tana kan murhu. A jiƙa ta.” Ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Aure na shekara arba'in da ɗoriya, da mutumin da ya karanta littattafai fiye da kowa a unguwar nan, aka rufe shi da zancen tukunya. Matan da suka zo zaman makoki sun wanke ta tas, sun kife ta. Na cika wasiyyar ke nan, ko da yake ba da hannuna ba.

Ban taɓa samun Biba da aibi a girki ba sai ɗaya: a shekarun baya-bayan nan kullum sai tukunyarta ta kama, ƙauri ya iso ni har zaure. Nakan ce mata ta samu sha tara bisa ashirin, ƙauri ya cinye ɗaya. Sai ta ce ta gode, Mushe. Yau da zan ji ƙaurin nan da na ba da cikon.

Kin tambaya ko ina ci. Ina ci gwargwadon buƙatar ma'aikacin da ba shi da aiki. Ga kuɗi nan cikin takarda. Ina sake roƙonki, ba a matsayin ubangida ba.

Burahima

Yamai, tsakiyar Satumba

Mushe,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ka yafe mini. Da na karanta takardarka ban iya cin abincin rana ba, washegari na ɗauki taksi da gwiwata na tafi wani babban butik da ke unguwar ma'aikata, na ja mayafi har goshi kamar mai zuwa gidan boka.

Ashe duniya ta wuce inda muka bar ta. Jere guda cur na karnuka ne. Yarinyar da ke sayarwa ta ce, “Hajiya, wane irin kare ne?” Na ce, “Ja ne.” Ta ce, “A'a, asalinsa.” Na ce, “Ɗan kwarin Gure ne, ba mu san iyayensa ba.” Ta danne dariya ta shiga nuna mini: akwai na kaza, akwai na naman shanu, akwai na kifi, akwai na 'yan kwikwiyo, akwai na tsofaffi, har akwai na karen da ya yi ƙiba ake son ya rame. A nan na nemi kujera na zauna.

Sunansa kuroket. Mai tsadar ciki, wanda aka zana wa kare mai gashi kamar amarya, da kuɗinsa sai ka sayi tunkiya. Mai arhar kuma ana auna shi da kilo daga buɗaɗɗen buhu, na sa hanci na ji warin tsohon mai, yarinyar ma ta ce mini a hankali yawancinsa dusar masara ce. Na ɗauki na tsakiya, na kaza, wanda aka yi don tsofaffi, ƙwayoyinsa ƙanana. Na sa ta karanta mini abin da ke ciki tun daga sama har ƙasa, babu alade. Ta ce in an ɗaure bakinsa aka ajiye a inuwa zai daɗe. Duk da haka ya fi buhun gero kuɗi, kuma bai kai rabinsa nauyi ba. Na cika abin da ya rage, kada ka yi mini maganarsa.

Sharaɗinka na ƙarshe ma na kiyaye. Na juye shi cikin wankakken buhun shinkafa, na ɗinke, na ƙone mai hoton. Na gaya wa Ɗan Kasuwa tsaraba ce na aiko maka, don kada ya yi tambaya.

Zancen Biba da tukunya ya tsaya mini a rai. Kada ka raina shi. Mace ba ta tafiya ta bar tukunya a baya hankalinta ya kwanta. Ka rubuto ka gaya mini ya ci.

Ummul Kulsum

Gure, ƙarshen Satumba

Hajiya,

Bayan gaisuwa da godiya wadda ba ta da iyaka, ina sanar da ke cewa buhu ya iso lafiya, kuma ya rushe abin da na gina na mutunci tun ina ƙaramin mushe a Bune.

Kin yi dabara irin ta mutanen birni, kin manta a Gure ba a cin tsaraba a ɓoye. Ɗan Kasuwa ya sauke shi a ƙofar gidana bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika, ya ɗaga murya ya ce, “Mushe, ga tsarabar Yamai daga Hajiya!” Kafin in kai shi zaure labari ya tsallaka katanga. Sai ga A'i da ƙaramin kwano, ta tsuguna ta gaishe ni, ta farke ɗinkin da kanta kamar yadda take yi lokacin Biba.

Ta ce, “Ikon Allah, cincin ɗin Yamai har da ƙamshin kaza.” Ta cika hannu, tana nufin baki.

A wannan ɗan lokaci, Hajiya, na auna abubuwa biyu: in yi shiru mutuncina ya tsira, matar da ta ciyar da ni tun rasuwa ta ci abincin kare, ko in yi magana. Ba zan ɓoye miki ba, shirun ya yi mini kyau ƙwarai. Amma na ce, “A'i, ajiye.”

“Rowa, Mushe? Yau kuma?”

“Ba na mutane ba ne.”

“Na aljannu ne?”

“Na Ansipekta ne.”

Ta buɗe hannu a hankali, ƙwayoyin suka zube cikin buhu. Ta goge tafinta da zane, ta sake gogewa. Sa'an nan ta ce, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi: “Kullum ina tuƙa maka tuwo, kwanona yana dawowa kamar yadda ya tafi. Na ce baƙin ciki ne, in yi haƙuri. Ashe a gidan nan kare ne ake aiko wa abinci daga Yamai. Namu ne bai kai ba.” Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Tun ranar ba kwanon da ya shigo gidan nan. Ban ga laifinsu ba. A majalisa in na iso sai hira ta koma ta farashin gero. Liman ya ja ni gefe ya ce ciyar da dabba lada ne, amma a riƙa duba zuciyar maƙwabta. Na ce na ji.

Duk wannan da na ɗauke shi da murna in da ya ci. Na zuba masa a kasko, na tsaya a gefe da hannuwa a baya kamar ranar jarrabawa. Ya tashi da ƙyar, ya shinshina, ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Ya daɗe da ita a baki yana juyawa. Daga nan ya tako ya ajiye ta a gaban takalmina, cikin ladabi, ya koma bakin madafa ya kwanta. Na jiƙa da ruwa, na jiƙa da romo, ya lasa sau biyu don kada in ji kunya. Na yi aiki da ansipektoci da yawa, ban taɓa ganin wanda ya ƙi rahoto da irin wannan tausasawa ba.

Yanzu ƙafafunsa na baya ba sa ɗaukarsa sosai. Ni ina nan da burodi da shayi. Ban san abin da ya rage in gwada ba.

Burahima

Yamai, farkon Oktoba

Mushe,

Salamu alaikum. Lafiya lau muke. Takardarka ta yi jinkiri, dabino ya ƙare Ɗan Kasuwa ya rage zuwa. Na kira talhonka har na gaji, a kashe yake. Wannan zan ba direban kar, babbar motar fasinja, Allah ya sa ta same ku da rai, ku biyun.

Abin da ya faru da A'i ni na jawo, zan nemi gafararta da kaina. Amma ajiye wannan, ka saurare ni da kyau.

Na koma na karanta takardarka ta Satumba, inda ka ce tukunyar Biba kullum sai ta kama. Sai na tuna zuwana Gure bikin 'yar ɗan'uwanmu Muktar. Na kwana gidanku. Da yamma na ga Biba ta kwashe tuwo, maimakon ta sauke tukunya sai ta ƙara itace ta bar ta a wuta. Na ce, “Biba, za ki ƙona tukunya.” Ta ce, “Sane nake.” Na ce don me. Ta yi dariya ta ce, “Mushe ya kafa doka kada a ba kare abincin mutane. Na tambaye shi ƙanzo fa, ya ce ƙanzo ba abincin mutane ba ne. To kin ga, sai in yi ƙanzon da kauri.”

Da dare ta zuba ruwa a tukunyar ta rufe. Da safe kana zaure da rediyonka, ta kankare ta da mara, ta zuba ɗan nono a kai, ya yi laushi kamar fura. Tun daga ƙarar kankarar karen ya taso yana kaɗa wutsiya. Abin da ya ci ke nan tun yana kwikwiyo, a garka da gida.

Ka gane yanzu? Ba wankin tukunya ya dame ta ba a cikin motar nan. Tana ganin ciwo ya hana ta jiƙa ta da dare, za ta tafi ba ta ba shi na safe ba, kuma ba wanda za ta bar wa shi sai kai. Ta san ba za ka so a ji zancen kare a gaban mutane ba, ga maza tsaye kewaye da mota. Sai ta faɗa maka yadda mutuncinka ba zai taɓu ba. Har a wannan halin kai take karewa.

Maƙwabta ba za su taɓa aiko maka da ƙanzo ba, kunya ce a kai wa babban mutum. Sai an hura wuta a gidanka. Ka sa ruwa ya tafasa, ka dama gari kaɗan da ruwan sanyi ka zuba, shi ne talge. In ya yi kauri ka riƙa zuba gari kana tuƙawa da muciya har hannunka ya gaji. Ka rufe ya turara, ka kwashe, ka bar tukunyar a wuta sai ka ji ƙaurin nan da kake rage mata maki saboda shi. Kada ka tsaya neman littafi. Kai ma ka ci na saman.

Ummul Kulsum

Gure, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Hajiya Ummul Kulsum, wadda daga yau na 'yanta.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. An yi girbi, sabon gero ya shigo kasuwa. Ni ma lafiyata ƙalau, fiye da yadda na cancanta.

Takardarki ta same mu da rai. Na karanta ta a tsaye a tasha, sa'an nan na nemi benci na zauna. Mutane suka ɗauka wata rasuwar ce aka aiko mini. Ban gyara musu ba.

A ranar na sayi gari da nono, na shiga madafa. Tukunyar tana kife inda matan suka bar ta, muciya tana soke a jikin danga. Na bi umarninki kamar yadda ban taɓa bin na ministan ilimi ba. Abin da ya fito ba zan kira shi tuwo a gaban shaidu ba: samansa ruwa, tsakiyarsa gudaji. Amma ta fannin ƙonawa, Hajiya, ina da baiwa. Ƙaurin ya tashi ya cika gidan. Na zauna a kan turmi cikin hayaƙi, idanuna suna zuba, kuma na ƙuduri aniyar cewa hayaƙin ne.

Da safe na zuba nono, na ɗauki mara na fara kankara. Ban kai ga juyawa ba na ji motsi a bayana. Ya taso. Yana jan ƙafafun baya, amma ya taso, wutsiyarsa tana bugun ƙasa. Ya wuce ni ya leƙa cikin madafa, ya duba bayan ƙofa, ya duba wajen randa. Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya dawo ya dube ni, ya sa baki a kasko ya cinye tas, har ya lashe gefe.

Ƙarar kankarar ba shi kaɗai ta tasa ba. Sai ga kan A'i a bisa katanga. Ta ce, “Wa ke kankarar tukunyar Biba?” Na ce ni ne. Ta sauka. Jim kaɗan ta shigo ba sallama, ta leƙa ragowar tuwona, ta ce, “Mushe, wannan ko kai ka yi makinsa ba zai wuce biyu ba.” Ta karɓe muciyar ta nuna mini yadda ake riƙe ta. Na gaya mata zancen motar da abin da kika rubuto. Ta ja bakin zane ta rufe fuska, ta ce, “Ni na wanke ta. Da hannuna na zubar da ƙanzon a bola.” Na ce ba wanda ya sani, har ni da aka faɗa wa.

Ya ci kullum safe har mako ya zagayo. Ya ɗan yi ƙarfi, wata rana har ya raka ni bakin zaure, abin da bai taɓa yi ba. Na sa rai. Amma yunwar ta riga ta yi aikinta, ga tsufa. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci bai ɗaga ido ba. Yana kwance a bakin madafa, kaskonsa a lashe. Na tsuguna na shafa kansa, karo na farko, na tashi na wanke hannuna yadda shari'a ta ce. Ɗan Kasuwa ya kawo amalanke, muka kai shi kwari muka binne shi a gindin dabinon da ke gefen garkarta. Bai tambaye ni komai ba, bai kuma yi shela ba. Na ƙara masa maki.

Buhunki bai tafi a banza ba. Kajin A'i suna cinsa da ƙwazo, ta ce ƙwansu ya ƙara girma, tana tambaya ko za a sake aikowa. Na ce mata ofishin ya rufe.

Ta so ta ci gaba da aiko kwano, na ce ta bari sai ranar Juma'a. Sauran kwanaki ni ke hura wuta. Na kasa sauke tukunya da wuri, hannuna ya riga ya koyi ƙara itace. Ƙanzon kuwa ba mai ci, zubarwa kuma ba zan iya ba. Saboda haka na sake nazarin dokar da na kafa, na soke ta: ƙanzo abincin mutane ne. Da nono yana da daɗi ƙwarai. Ban sani ba sai bana.

Ki gaida gwiwarki. In ta bar ki, ki zo ki ci tuwon darakta, yanzu ya kai bakwai bisa ashirin. Zan tsaya a nan, magariba ta gabato. Tukunyar tana kan murhu. Na jiƙa ta.

Naki,
Burahima Ma'azu